Gwaggo da Man Kaɗanyarta

Jiya a kasuwar Maamobi da ke Accra ƙanshin man kaɗanya ya bugi hancina, sai na tuna Gwaggo, yayar babana. Matar nan ko motar haya ta trotro ce ta bi ta kanka, cewa za ta yi, "Shafa mai, ka daina raki."

A shekarun tamanin matata na da ƙananan ƙululu a mama, likita ya ce ba na cutarwa ba ne. Daga baya ɗaya ya taurare, ya daina motsi. Na ce mu koma asibiti. Gwaggo ta tare ƙofa, muryarta har unguwar Kanda ana ji.

"Marar kunya! Ƙaton banza zai taɓa maka mata kana tsaye? Kawo ta in shafa mata."

Ta bayan gida muka zille, muna tsallake kwata kamar ɓarayi. Ashe ciwon daji ne ya fara tsiro a cikin tsofaffin ƙululun. Aka cire shi tun yana ƙarami. Matata tana nan, tana yi wa jikoki tsawa.

Gwaggo kuwa har ta rasu ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, wai na tozarta gida.

Allah Ya gafarta mata. Ni dai har yau ina kan ƙoƙarin yafe mata.