Tsiren Maleshiya da Rigar Haraj

Shekarar da na fita takaba, sai na rasa inda zan je. Mijina direba ne, shi ke kai ni ko'ina: Haramin Madina, gidan 'yan'uwa a unguwar Jurf, asibiti in ta kama. Da ya rasu na yi watannin da addini ya ɗora mini a ɗaka, na kuma ƙara wasu a kai ba wanda ya sa ni. 'Yata tana aure a unguwar Aƙiƙ. Takan bugo waya, ina yi mata Hausa tana amsawa da Larabci, tana cewa, "Ya ummi, ki riƙa fita kina shan iska." In ce mata to, in ajiye wayar, in koma kan keken ɗinkina.

Ana nan sai wasu 'yan Maleshiya suka kama hayar shiƙƙa, wato sashen da ke saman namu, a imararmu, benen da muke zaune a unguwar Harra ta Gabas. Mijin ɗalibi ne, matar kuma tana renon jinjiri. Hancina ne ya fara saninta. Da hantsi ƙamshin kwakwa ke saukowa ta tagar kicin, wata rana kuma wani wari mai kaifi kamar na daddawa.

Ƙarar kekena ce ta kawo ta. Ta ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga 'yar gajeriyar mace da siket a hannu. Ta yi sallama, ta ce, "Kak, za ki rage mini tsawon wannan?"

Na ɓata rai. A lokacin ban kai hamsin ba. Na ce mata da Larabci, "Ni ba kakarki ba ce."

Ta tsaya tana kallona. Larabcinta na littafi ne, a tsinke yake fita, nawa kuwa na kasuwar Madina. Da ƙyar muka gane juna: ashe a yarensu kak yana nufin yaya. Da na gaya mata abin da kaka ke nufi a namu, ta rufe baki da siket ɗin tana dariya har da hawaye. Ni ma na dara, na ce ta shigo.

Yadin siket ɗin mai kyau ne, auduga mai nauyi. Na tambaye ta inda ta saya. Ta ce, "Haraj." Haka ta faɗa kai tsaye, kamar mai ambaton babban kanti. Haraj kuwa kasuwar tsofaffin kaya ce, inda ake zube gwanjo tsibi-tsibi. Mu ma a gidanmu mun sa gwanjo, amma a ɓoye. Mahaifiyata kan je da sassafe, ta wanke, ta goge, ta turara da turaren wuta, in an tambaya mu ce gwaggonmu ta Jidda ce ta aiko.

Ta ce ranar Asabar mijinta zai riƙe yaro, mu je tare. Na ce ba zan samu dama ba. Ranar Asabar sai ga ta a ƙofata da abaya da jaka, ta ce mota tana ƙasa tana jira. Na ji kunyar in mayar da ita.

A haraj na ga ta zama wata mace daban. Wannan mai sanyin murya ta durƙusa gaban tsibin kaya tana tono da hannu biyu. In ta zaro riga sai ta ɗaga ta a rana, ta duba hammata da wuya, ta ja ɗinkin, ta sunsuna. Ta ce a garinsu 'yan mata har gasa suke yi, wadda ta tono abu mafi kyau ita ce gwana, kuma ba mai ɓoyewa. Mai kayan Bahaushiya ce 'yar Chadi. Da ta ji ina magana da kaina da Hausa, ta ce, "Hajiya, wannan ƙawar taki ta fi ni sanin kayana."

Can ƙasan tsibin ta zaro wata doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu. Ta kara ta a kafaɗata, ta ja da baya tana dubawa. Tun rasuwar mijina ban sa komai ba sai baƙi da ruwan toka.

Na ce, "Wa zai gan ta a ƙarƙashin abaya?"

Ta ce, "Ke za ki gani, kak."

Na karɓa.

Na ɗauka daga nan gida za mu koma, sai ta ce yunwa take ji, akwai mat'am na mutanensu, wato gidan abinci, a hanya. Nan ma na ja baya. Ban taɓa zama na ci abinci a waje ba. Mahaifina ba ya yarda, mijina kuma sai dai ya sayo shinkafa da kaza a leda mu ci a gida. Ban san yadda ake yi ba, ko ana cire niƙabi, ko wa ake kira. Ta ce akwai sashen iyali mai labule, ba wanda zai gan mu.

Wurin ƙarami ne, fanka na juyawa, tebur da kujerun roba. Ita ta yi magana da mai kawo abinci da yarensu. Aka fara kawo shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa, a gefenta soyayyar gyaɗa, ƙananan busassun kifi, rabin ƙwai, kokwamba, da wani jan yaji mai laushi da take kira sambal. Na ɗanɗana yajin, na ji warin nan da ke saukowa ta tagata. Ta ce jatan lande ne ake busarwa a niƙa. A baki kuwa daɗi ne da shi, ga zaƙi ga zafi. Ta ture cokali gefe ta sa hannu, ni ma na sa, sai na ji hankalina ya kwanta. Ta tsagar labule na hango mai shayi yana zuba shi daga wannan kofi zuwa wancan, hannu a sama, har ya yi kumfa.

Daga nan aka ajiye faranti na ƙarshe. Nama ne a jikin tsinkaye, gasasshe, gefensa ya ɗan ƙone, da kwanon miyar gyaɗa da yankakkiyar albasa. Na ɗauki ɗaya na tsoma na kai baki, sai ɗanɗanon ya tuna mini da gidanmu.

Mahaifina mai tsire ne. Mutanen Madina siriya suke ce wa tsire. Yana da tukuba a bakin wani lungu a nan Harra, kuma tun ina ƙarama ni ke dakan ƙuli-ƙuli da citta da barkono da yake barbaɗawa. Rigarsa kullum hayaƙi da man gyaɗa take ƙamshi. Tun da ya rasu ban ƙara cin tsiren da ya tuna mini da shi ba, sai wannan, duk da nasu ya fi zaƙi, gyaɗar kuma a jiƙe take.

Ta ga idona ya kawo ruwa, ta miƙo mini ruwan sha, ta ce, "Yaji ne?"

Na ce, "A'a. Wannan abincinmu ne."

Ta ce, "Namu ne, kak. Sate sunansa."

Na ce, "Tsire sunansa, ubana ya yi shekaru yana sayar da shi."

Muka yi ta musu muna ci, tsinkaye suna taruwa a gabanmu. Na ba ta labarin mahaifina, daga nan na gangaro kan mijina, abin da ban yi da kowa ba, ko da 'yata. Ba na jin ta gane rabin abin da na faɗa. Ta dai saurara har na gama.

Satin da ya biyo na daka ƙuli na gasa musu namu a saman imara. Mijinta ya ci yana tari yana ƙarawa. Ita kuma ta fara turo mini ƙawayenta, matan ɗalibai, kowace da abin da ta tono a haraj, a rage nan, a buɗa can. Falona ya cika da takalma a bakin ƙofa da kukan yara. Na sa shuɗiyar rigar ranar sunan jikana, da wata ta tambaya na ce a haraj na samo. Sai ta ce in je da ita wata rana.

Da mijin ya gama karatu suka koma ƙasarsu. Mun je mun yi ziyarar bankwana a Harami tare, na yi mata addu'a gwargwadon abin da bakina ya iya, har yau kuma ban daina ba.

Bayan tafiyarsu na ɗan jima ban koma mat'am ɗin ba. Wata rana bayan azahar na hau mota na je. Mai kawo abinci ya tambaye ni mutum nawa, na ce ni kaɗai. Na nuna masa hoton wata miya mai taliya da ban taɓa ci ba. Da aka kawo na tarar tsami ya yi mata yawa, ga ƙarnin kifi. Na ɗauki hotonta na tura wa ƙanwar tawa ta Maleshiya, na ce wannan kam ba tamu ba ce, na bar musu. Kafin in tashi ta maido da saƙon murya tana dariya, yaronta yana surutu a gefe. Ta ce in matsa lemun tsami in ƙara sambal, zan saba. Na yi yadda ta ce, na kuma cinye.