Tanki Ɗaya, Laraba Goma

A aji uku na tsaya a firamare, shi ma ajin ukun sau biyu na yi shi, ina jin malamin ne ya kasa rabuwa da ni. Amma tun da na gina gida a Samaru, kusa da jami'a, abokina bai ƙara kirana da sunana ba. Farfesa yake ce mini. Ni kuwa Hedimasta nake ce masa, kuma nasa na gaske ne, don ya riƙe makarantar mishan shekara da shekaru. Muna matasa muka yi haya a gida ɗaya a Sabon Gari, shi ya tafi coci, ni in tafi masallaci, matanmu suna daka a turmi ɗaya. Shi ya koya mini sa hannu a takarda, har yau in na sa sai ka ce kaza ta yi tono. Matan duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi yana Dogarawa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ƙanwarsa ke kula da shi. Ni ina Samaru a gida mai ɗaki biyar, daga ni sai agogon bango.

Da ƙaramar Sallah ɗana ya zo daga Abuja da wata baƙar jip, tsohuwar da ya gaji da ita, mai kujeru layi uku da fulogi takwas. Ya kai ta gidan mai ya cika mata tanki, ya miƙo mini makulli.

Ya ce, “Baba, wannan zai kai ka babbar Sallah, tun da ba wani wuri kake zuwa ba. In na dawo sai in sake cikawa. In kuma ka ga tana wahalar da kai, ka faɗa a sayar.”

Na ji wannan “a sayar” ɗin sarai. Dama ya daɗe yana cewa idona ya yi rauni, ni da na yi shekara talatin ina jan gingimari daga Zariya zuwa Ikko. Nan take na ƙudurta ko ruwan rijiya zan zuba mata ba zan buɗe baki in ce mai ya ƙare ba. Man kuwa ya yi tsadar da in na saya, tukunyata ce za ta yi azumi.

Wurin zuwa kuwa ina da shi. Hedimasta ya fi shekara bai leƙa titi ba. Babur ba zai hau ba, a keke napep kuma sai ya riƙa zamewa gefe kamar buhun da ba a ɗaure ba. Ita wannan jip ɗin kujerar gabanta tana kwantawa, ga bel da ke riƙe mutum. Na sa kafinta ya yi mini ɗan benci na takawa. Ranar Laraba na je, ni da ƙanwarsa muka tallafe shi, muka cusa shi ciki.

Ya shafa kujerar da hannunsa mai lafiya, ya ce, “Farfesa, wa ka yi wa fashi?”

Bakinsa ya karkace, amma harshen yana nan da kaifinsa. Muka gangara PZ a hankali, yana nuna mini inda kantin littattafai yake a da, inda muka taɓa cin tsire aka kore mu saboda gardama. Na tsaya na sayo masa gasasshiyar masara, ya riƙa ɓantara da gefen bakin da ke aiki. Da na mai da shi gida ya ce, “Laraba mai zuwa kada ka makara. Jahili ba ya sanin lokaci.”

Na ƙirga da yatsu, Laraba goma ce tsakanin Sallolin nan biyu.

Bayan Laraba ta huɗu na duba allurar mai, na ga ta gota rabi ta yi ƙasa. Na goge gilashin da hannun riga, na ƙwanƙwasa, ba ta motsa ba. Ko da ajina uku na san shida ta fi huɗu.

Sai na shiga dabarun tsofaffin direbobi. Esi mai sanyaya mota dama ban taɓa kunnawa ba, na ce wa Hedimasta ta lalace. Na je wajen mai faci ya ƙara wa tayoyi iska har suka yi tauri kamar goriba. In na hango gangara sai in ɗage ƙafa daga totur in bar ta ta silale, 'yan acaba suna zagina ta taga. Na daina bi ta Kwangila lokacin cunkoso, don tsaya-ka-tashi shi ke zuƙe mai. Da na tuna yadda gingimari ke shan mai in an yi mata lodi, sai na ɗauko sifana na kwance kujerun baya gaba ɗaya, layi biyu. Kwana biyu na yi ina wannan aikin, bayana yana ƙara. Na jera su a zaure. Safaya ma na sauke ta, na ce in taya ta fashe Allah na nan.

Hedimasta ya waiga ya ga bayan motar fayau, ya ce, “To, an fara sayar da ita kashi-kashi ke nan? Ka bar mini tawa kujerar, ko sitiyari ka fara da shi.”

Na ce masa wanki na kai su. Ya dube ni irin duban da yake yi wa yaran da suka ce akuya ta cinye littafinsu.

Duk da haka allura ba ta daina sauka ba. Bayan Laraba ta biyar ta kusa kwata. Na fara zargin maƙwabta da zuƙe mini mai da tiyo, har na yi kwana uku ina amsa gaisuwar wani bawan Allah da hanci, mutumin da ko keke ba shi da shi.

Daga ƙarshe na kai ta wajen wani makanike Bayarabe a Sabon Gari, haifaffen nan, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Na ce masa ko yoyo take yi, ko sace mini mai ake yi. Ya leƙa ƙasa bai ga yoyo ba. Ya duba fulogi, ya duba matatar iska, ya ce duk lafiya. Ya leƙa baya ya yi dariya.

“Baba, ina kujerun?”

“Nauyi na rage mata.”

“Wannan ai kamar ka aske wa giwa gashi ne don ta yi gudu. Sau nawa kake fita da ita?”

“Laraba kaɗai.”

“Sauran ranakun tana ajiye?”

“Tana ajiye. Ɗumama ta kawai nake yi da safe.”

Ya aje tsumman hannunsa. “Na minti nawa?”

Na ce ban san minti ba. Daga dawowa masallaci nake tayar da ita, in ɗan taka totur, in saurari labaran safe a rediyonta har su ƙare, wani lokaci har da gaishe-gaishe. Haka ubangidana ya koya mini tun ina yaron mota: direban da ya tashi bai ɗumama inji ba, ɗan iska ne.

Makanike ya riƙe kai. “Baba, wancan tsohon injin gas ne, na zamanin da. Wannan kana murza makulli ta shirya. Fulogi takwas ne fa, duk takwas ɗin suna sha ko tana tafiya ko tana tsaye. Kullum kana zuwa PZ ka dawo, alhali ba ka fita daga ƙofar gidanka ba. Ga ɓarawon nan a gabana, da hula.”

Na yi dariya tare da shi, don abin dariya ne. Amma a hanyar komawa Samaru ban yi ba. Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, ba don injin nake yi ba. Tun da mai ɗakina ta rasu, lokacin nan na bayan asuba shi ya fi yi mini tsawo. A da lokacin ne nake jin ƙarar tsintsiya, da murfin tukunya, da faɗan ina na kai wuƙar yanka albasa. Da jip ta zo sai na sami abin da ke gurnani a gidan. In na zauna a ciki kujera tana ɗan rawa a ƙarƙashina, sai in ji kamar muna shirin tafiya ne, ana jiran wani ya fito daga ɗaki.

Washegari na dawo daga masallaci, hannuna ya kai aljihu da kansa. Na tsaya a jikin motar na ɗan lokaci. Sai na shiga ɗaki na jefa makullin cikin tsohuwar kwallar mai ɗakina, na rufe. Na zauna a zaure kan ɗaya daga kujerun da na kwance, ina jin agogo. Ashe haka yake da ƙara.

Safiya shida a mako nake yin haka. Allura kuwa ta natsu. Laraba ta shida, ta bakwai, ta takwas, duk muka yi su, har wata rana muka zaga ta Palladan don Hedimasta ya ga cocin da aka ɗaura masa aure an yi mata sabon rufi.

Ranar Laraba ta tara na tarar da akwatuna a tsakar gidansa. Ƙanwarsa ta ja ni gefe ta ce 'yarsa da ke aikin jinya a Kaduna za ta zo ta tafi da shi ranar Asabar, ita ƙarfinta ya ƙare. Ta ce ya sani tun makon jiya, ya hana a gaya mini.

Muka cusa shi a mota kamar kullum. Da muka hau titi na ɗage gilasai, na danna maɓallin esi. Sanyi ya buso masa a fuska. Ya lumshe ido.

“Ashe ta warke.”

“Yau da safe ta warke.”

“Maƙaryaci. Wata biyu kana gasa ni kamar masara.”

Ban ɗage ƙafa a gangara ba ranar. Muka shiga cunkoson Kwangila da gangan, muka zaga PZ sau biyu, muka je ƙofar gidan hayarmu na da, wanda yanzu shagon sayar da waya ne. Na bar injin yana aiki muna zaune muna kallo, fulogi takwas suna sha, ban hana su ba. Ya ce in riƙa sa hannu a takarda ko sau ɗaya a mako, kada in manta. Na ce wa zai kawo mini takardar.

Fitilar mai ta kama tun kafin in bar Dogarawa. Da ita na lallaɓo Samaru, na shigar da motar gida, na kashe.

Ana saura kwana uku Sallah ɗana ya bugo waya, ya ce aiki ya riƙe shi, sai wani jiƙon. Ya tambaya ko man ya isa.

Na ce, “Ya isa, har da saura.”

Kujerun suna nan a zaure, ban mayar ba. Mutum biyar za su ɗauka. Da safe nakan zauna a ta bakin ƙofa.