Wushiryar Minti Goma

Wata rana cikin watan jiya na raka Gwaggona asibitin haƙori, za a cire mata wani haƙori da ya dame ta.

Muna zaune a layi aka shigo da wata budurwa, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba. Yayarta ce riƙe da ita. Ta rufe fuska da mayafi.

Da nas ta ce ta yaye mayafin, wallahi sai da na dafe ƙirji.

Leɓenta na sama ya kumbura har ya kusa toshe hanci. Ido ɗaya ya rufe ruf. Jikinta sai karkarwa yake don zazzaɓi.

Nas ko kati ba ta tambaya ba, ta wuce da ita ciki. Duk masifar mutanenmu a kan layi, babu wanda ya ce uffan.

To kun san ni da son jin ƙwaƙwaf. Da aka kira Gwaggo, labule ne kawai tsakaninmu da su, na kasa kunne.

Ashe wushirya ce.

Wani bidiyo ta gani a waya, wata mai kwalliya tana koyar da yadda ake yin wushirya a gida cikin minti goma, da ɗan ƙarfen nan na goge farce. Ga bikin ƙawarta ya matso, tana so ta fito fes a hoto.

Ta kulle ɗaki, ta sa madubi a gaba, ta shiga gurzar tsakanin haƙoranta biyu na gaba.

Ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. Ta ƙara gurzar ɗayan don su daidaita.

Ta ƙara.

Har ta ji wani zugi kamar lantarki ya ja ta.

Kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Sati uku tana danna kanumfari tana haɗiyar maganin kemis. Rannan zugin ya ɗauke, ta yi hamdala wai ta warke. Ashe jijiyar ce ta mutu, ciwon yana ci ta ƙasa.

Na ji muryarta da ƙyar take fita:

"Likita, don Allah a cike min su, su koma yadda suke."

"Ƙanwata, yanzu ba ta kyau muke ba, ta ranki muke. Mugunya ta haura har ƙasan idonki. Da kin ƙara kwana biyu a gida, ban san abin da zan faɗa wa yayarki ba."

"Haƙoran fa?"

"Farce ne yake tofowa in an goge shi. Haƙori ba ya tofowa."

Yayar ta saki salati. A take aka ba budurwar gado. Kafin mu bar asibitin na ji nas tana cewa duka biyun za a cire.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya hana ni sukuni.

Bidiyon nan yana cikin wayata. Ni ma na adana shi. Ƙarfen ma na saya, yana cikin jakar da ke kan cinyata a lokacin. Asabar nake jira.

Nan take na zaro shi na jefa a kwandon shara. Gwaggo ta ce, "Ke lafiya?" Har yau in na tuna, sai na taɓa haƙorana da harshe.

Darasi: Wadda ta yi bidiyon ba za ta raka ki asibiti ba, ba ta ma san da zamanki a duniya ba. Duk abin da ya shafi haƙori, gyara ne ko ado, a kai wa likitan haƙori. In ya fara zugi kuma, kada kunya ta sa a ɓoye.

Don Allah ku tura wa ƙannenku da ƙawayenku yau ɗin nan. Wata tana can da nata ƙarfen a jaka.