Abin da Salansa Ta Bar Mini a Ƙirji

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko Baba ya rasu ne ko wayarsa ce ta faɗa rijiya, to ga ni. Jinya na yi.

Kun san sana'ata, lodin motocin Tudun Wada da Doguwa a tasha cikin Kano. Mu 'yan kamasho akwai dabarar da muka tarar: motar da ke kan layi ba a kashe ta. A bar ta tana ruri, direba na ɗan taka mai, don fasinja ya zaci yanzun nan za a tashi. Ni kuwa wurina bayan mota, ina ɗaure buhuna, salansa na hura mini hayaƙi a fuska. Layin Kiru da na Bebeji su ma suna nasu, ga hayaƙin titi.

Da tari aka fara. Na sha zuma da citta har na gaji. Majina ta koma baƙa.

Ranar da numfashi ya yanke mini a tsakiyar Fatiha, na tsorata.

'Yata Hadiza ta ja ni asibiti. Aka gwada majina, ba tarin tibi ba ne. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya duba ya ce, "Baba, tun yaushe kake shan taba?"

Na ce, "Ɗana, ban taɓa sa ta a baki ba."

"To wa yake sha maka?"

Na ce, "Motocin Doguwa."

Aka kwantar da ni da robar iska a hanci. Ragon layyata ya tafi a magani. Likita bai ɓoye mini ba: abin da ya lalace a huhu ya lalace, sai dai a tsare sauran.

Na murmure a gida Tudun Wada, na dawo tasha da maganin shaƙa da likita ya ba ni a aljihu. Na ce duk motar da zan yi wa lodi, a kashe ta.

Sale direba ya ce, "Haba Baba, ai fasinja sai su gudu!"

Na ce, "Su gudu. Kai cikon mota kake nema, ni numfashi."

Aka kashe, fasinja ba su gudu ba. Yanzu ma suka fara jin kirana.

Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza da ma'aikatan jinya da ku masu addu'a. Tari in ya daɗe, a je asibiti. Direbobi, ku gyara inji, in kun tsaya ku kashe.

Saura layin Kiru da na Bebeji. Gobe da su zan yi.