Hunturu Mai Laushi Da Ya Tafi Da Tietie Galiema

Kai mai karatu, idan rediyo ya fara faɗin yadda yanayin shekara zai kasance, ka zauna ka ji maganar har ƙarshenta. Kada ka ɗauki rabin da ya yi maka daɗi ka miƙe. Mutanen layinmu rabi suka ɗauka bana, kuma ba zan sassauta abin da ya biyo baya don kunnen kowa ba.

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Galiema Samodien, wadda duk unguwarmu ta Lotus River ke kira Tietie Galiema, wato Yaya Galiema, bayan ciwon huhu ya kwantar da ita a asibiti. An yi mata sutura kafin magariba, ana yayyafi. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ta bar 'ya guda, Waseela, mai aure a ƙasar waje, da mijinta Sedick, da muke kira Boeta Sedick kamar yadda muke girmama manyan maza, wanda ya haura saba'in, ƙirjinsa ba ƙwari. Tun da aka kai ta, shi ne abin da ya hana ni sukuni: yana zaune shi kaɗai a gidan nan, hunturu kuwa, wanda a ƙasarmu tsakiyar shekara yake zuwa, bai ƙare ba.

Tietie, ina amarya na tare a gidan da ke jikin naki. Katangar da ta raba mu ba ta wuce ƙugu ba, kuma a kanta muka yi yawancin rayuwarmu. Abin da na fara gani a tsakar gidanki shi ne ma'aunin ruwan sama a kan sanda, inda sauran mata ke dasa fure. Na ɗauka wani abin tsafi ne, har na tambayi mijina. Sai daga baya na san aikinki. Kin yi jami'a a lokacin da 'yan matan unguwarmu ba su cika wuce masaƙa ba, kika shafe ƙuruciyarki a gidan adana tsofaffin takardu cikin birnin Cape Town, kina karanta abin da magatakardan tashar jirgin ruwa da manoman zamanin da suka rubuta, kina tsamo duk inda suka ambaci ruwa ko iska ko sanyi, kina miƙa wa masu hasashen yanayi. Rubutun mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu, shi ya cinye miki ido.

Boeta Sedick ba ya gajiya da tsokanarki a kan haka. Ranar Lahadi, muna cin koesister, irin fankenmu mai zaƙi, da jan shayi, kwakwar da aka barbaɗa a kai tana manne masa a gemu, sai ya ce, “Moena, kin ga matar nan? Ta san ruwan da aka tafka shekara ɗari biyu da suka wuce, amma tambaye ta inda ta ajiye tabaranta.”

Ke kuma ki ce, “Yana kan hancina, tsoho. Kai ne ba ka gani.”

Duk matan layi ke suke tambaya kafin su shanya wanki. Ba ki taɓa jin haushi ba. Abin da ba kya ɗauka shi ne a mayar da ke boka. Na tuna wata da ta zo tun watanni kafin bikin 'yarta, wai ki faɗa mata ko za a yi ruwa ranar. Kika ce mata hasashen yanayi ba alkawari ba ne, yana nuna inda sikeli ya rinjaya ne kawai, ta je ta ɗauki hayar rumfa ta bar sauran ga Allah. Ta tafi tana gunaguni, amma ta ɗauki rumfar.

Alherinki da ya fi tsaya mini a rai shi ne na shekarar da mijina Faghrie ya rasu. Mutane sun zo da wa'azi, sun zo da tukwane, sun tafi. Na kwanta na juya wa duniya baya, ga ɗana Ighsaan yana makaranta. Ke ba ki yi mini wa'azi ba. Kowace safiya sai ki tsaya a katanga ki ƙwala kira: “Moena! Zo ki duba mini awon nan, idanuna sun ƙi.” Dole in ɗaura ɗankwali in fito. In karanta miki, ki ce in sake dubawa, daga nan ki ce tun da na fito in sha shayi. Sai da na warke Boeta Sedick ya gaya mini cewa kullum kin riga kin karanta abinki tun kafin ki kira ni.

A wajenmu ruwa da hunturu yake zuwa, kuma layinmu yana da al'ada tun zamanin iyayenmu: wata Asabar cikin Afrilu, maza su ɗauki tsani su bi gidajen tsofaffi, su toshe rufi, su share indararo, su buɗe kwata, mata su dafa musu abinci. Ba wanda ake tambaya ko yana so. Ana shiga ne kawai, don haka ba mai jin kunya.

Bana rediyo ya ce hunturu zai zo da laushi, kuma akwai yiwuwar ruwa ya fi na kullum. Kalmar nan ta laushi ita ce muke faɗa wa burodi mai zafi, da kumatun jariri, da mutum mai sanyin hali. Da ta shiga kunnen mutane sai ta zauna, sauran maganar ta wuce. A taron da aka yi a ajin islamiyya, Boeta Nazeem, mai jagorantar aikin, ya ce tun da shekarar mai laushi ce, a ɗage zagayen zuwa baɗi, maza suna da hidimomi.

Kika miƙe, Tietie. Kika ce mai laushi na nufin ba za a yi tsananin sanyi ba, ba ya nufin ba za a jiƙe ba. Kika ce a takardun da kika karanta, sau da yawa inda magatakarda ya rubuta cewa yanayi ya yi laushi, in ka buɗe gaba kaɗan sai ka tarar da hanya ta yanke, bango ya zube, hatsi ya ruɓe a rumbu. Kika ce sanyi mai tsanani yana sa mutum ya kunna wuta ya rufe jiki, mai laushi kuwa lallaɓa mutum yake yi.

Boeta Nazeem ya yi dariya. “Tietie, ke fa kika koya mana hasashe ba alkawari ba ne. Yau kuma ya zama?”

“Bai zama ba,” kika ce. “Amma ko ba a yi maka alkawarin ɓarawo ba, ai kana kulle ƙofa, Nazeem.”

Na miƙe na goyi bayanki, na faɗa musu lalaci ne suke sa wa rigar hikima. Aka ce Moena ta fara. Aka tashi taro, ba a yi zagaye ba. Ina rubuta wannan ne don waɗanda suka yi dariya su karanta, ba don in tozarta kowa ba. Allah Ya san zukata.

Ruwan ya fara a Mayu. Ba irin mai tsawa da ke firgita mutane ba ne. Siriri ne, mai ɗumi, ya sauka yau, ya huta rabin yini, ya dawo. Gajimare ya rufe babban dutsen birninmu har muka manta kamanninsa. Ƙasarmu rairayi ce a kan ruwa, da ta ƙoshi sai ruwan ya fara tasowa daga ƙasa, ya bi bango ya hau. Wanki ya ƙi bushewa, takalma suka yi funfuna, amma kowa ka gamu da shi sai ya ce, alhamdulillahi bana ba sanyi.

Aikin da maza suka ajiye, ke kika ɗauka, da shekarunki. Kina bin gidajen tsofaffi da leda da bokiti, kina matsa wa 'ya'yansu a waya, kina tsaye a kan masu gyara har su gama. Na sha ganinki kina dawowa da 'yar rigar saƙa, kafaɗunki a jiƙe. Na yi miki faɗa ta kan katanga, na ce ki sa rigar ruwa. Kika ce, “Haba Moena, wannan ruwan ai kamar shayin da ya huce ne.” Ke da bakinki, Tietie. Ke da kika tsaya gaban maza kika ce lallaɓa mutum yake yi.

Da tari ya fara, na tambaye ki gidanku fa, ba ya yoyo? Kika ce lafiya lau. Na sake tambaya wani makon, kika ce lafiya lau, kika tare ni da shayi a ɗakin girki. Ba gaskiya kika faɗa mini ba. Allah Ya yafe miki wannan, ni na yafe, amma sai na faɗa.

Da safiyar ranar addu'ar uku muka shiga gyara gidan, don a fitar da kaya a shimfiɗa zannuwa masu karatu su sami wuri. Ighsaan da wani suka ja babban kabad ɗin da ke ɗakin kwananku, a gefen gado. Bangon da ke bayansa baƙi ƙirin ne tun daga ƙasa har kusan rufi, ruwa na tsattsafowa, wari ya cika ɗakin. Mata suka toshe hanci.

Boeta Sedick yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa. Ya ce ke kika sa shi ya taya ki tura kabad ɗin wurin tun a Yuni, don kada baƙo ya gani. Kin ce ba za ki kira mai gyara gidanku ba alhali akwai waɗanda ruwa ke zuba a kan gadonsu, a gama da su tukuna. Sai ya ƙara da cewa tun aurenku shi ke kwana ta wajen bango, amma bana kika ce ku yi musanya, wai kin fi son can. Saboda ƙirjinsa ne. Bai gane ba sai da kika kwanta asibiti.

Waseela ta koma bayan addu'ar bakwai, aiki da yara suna jiranta, ban ga laifinta ba. Ta roƙi mahaifinta ya bi ta, ya ƙi. Na ce ya dawo ɗakin gaba na gidana, ga Ighsaan da matarsa Rashieda za su kula da shi, ya ƙi. Da na shiga kai masa miya shekaranjiya, na tarar ya mayar da matashinsa wajen bangon, inda kike kwana.

Na ce, “Boeta, so kake ka bi ta?”

Ya ce, “A nan nake jin ƙamshinta, Moena. Kuma ai bana ba sanyi.”

Na ce, “In na sake jin wannan magana daga bakinka, wallahi sai na kira limam ya zo ya same ka. Ta ba ka busasshen wurinta, ka mayar mata da kyautarta?”

Can ya ce gidan ba zai bari ba, amma in gado ne, a matsar. Jiya Ighsaan ya kai gadon falo, ya fara kankare bangon. Rediyo ya ce da alama ruwan zai kai Satumba, wannan karon kuwa na ji maganar har ƙarshe.

Safiya ce ta fi yi mini wuya, Tietie. Nakan fito da kofin shayi in tsaya a katanga kafin in tuna. Mata sun daina zuwa tambayar wanki, layin ya yi shiru. Mutanen da suka san ni tun ina yarinya sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, ke ce ta ƙarshe da ke iya ce mini in yi shiru in kuma yi. Yanzu duk wanda ke kusa da ni, ni ce babba a kansa. Ban san haka abin yake da nauyi ba.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Galiema. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk rufin da ta tsaya aka toshe, duk tsohon da ya kwana a bushe ta dalilinta, Ka sanya mata a mizani. Ka sada ta da iyayenta a Aljanna, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Ina miƙa ta'aziyyata ga Boeta Sedick, da Waseela da mijinta da 'ya'yanta, da dukkan dangin Samodien, da tsofaffin layinmu da suka yi rashin mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Na tara Ighsaan da Rashieda na faɗa musu, kuma ina rubutawa a nan don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau, ba a buɗe tukunyar yamma a gidana sai ɗayanmu ya je wurin Boeta Sedick. Ba a bakin ƙofa za a tsaya ba, ba a ɗakin girki ba. A shiga har inda yake kwana, a ɗora tafin hannu a bango, a taɓa bargonsa, a zauna har ya gama shan shayi a ji yadda numfashinsa ke fita. Ighsaan ya ce, “Mama, in ya ce ba ya so fa?” Na ce ba tambayarsa aka aike ka yi ba. Duk wanda ya dawo mini da “ya ce lafiya lau” zai koma, abincinsa ya jira shi.