Suwaita mai ruwan hoda

A shekarun da nake haya a unguwar Glenwood, can ƙasar Turawa, kowace Lahadi bayan azahar mukan zauna shan shayi a gindin bishiyar ƙofar gidana. Mu bakwai ne, amma baki biyu ke aiki: na wani Alhaji mutumin Maraɗi mai sayar da tsofaffin motoci, da na wani Malam ɗan zangon Kumasi, direban tasi. Sauranmu 'yan amshin shata ne.

Lokacin ne labarai suka cika da kwale-kwalen da ke tashi daga gaɓar Senegal da Muritaniya, maƙil da samari, suna nufar tsibiran Sifen neman mafaka. 'Yan siyasar can suna ta cacar baki, a karɓe su ko a mayar da su. Mu ma da ba wanda ya tambaya muka buɗe tamu majalisar.

Alhaji yana ɓangaren a mayar. "Wanda ya shigo gida ta taga ba baƙo ba ne," in ji shi. "Mu ta ƙofa muka shigo, da fasfo, da biza, da komai."

"Ta ƙofa ka shigo, Alhaji, gaskiya ne," Malam yakan ce. "Amma bizar wata shida suka ba ka. Yau shekara nawa? Wa ya ce ka kwana?"

Sai a kwashe da dariya, Alhaji ya ce a zuba na biyu.

Ni kaɗai na san abin da ke cinsa. Ƙaninsa, autan ɗakinsu, ya kira sau ɗaya daga gaɓar Muritaniya ya ce gobe za su shiga ruwa. Daga nan shiru, har mako bakwai. Ni ke da kwanon tauraron ɗan'adam da ke kamo tashar talabijin ta Faransa, ko da yake ban san ko "sannu" da Faransanci ba. Saboda haka Alhaji ya roƙe ni in riƙa ɗaukar masa labaran kullum a kaset ɗin bidiyo. Ranar Lahadi in cusa masa su a leda ƙarƙashin ganyen shayi, ya je gida ya riƙa tsayar da hoton yana duba mutanen kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya.

Na ce masa ta yaya zai gane fuska a wannan dishi-dishin.

"Ba fuska nake nema ba," ya ce. "Suwaita nake nema."

Na san suwaitar, don a gabana aka saye ta. Wata Asabar da safe mun je unguwar Sedgefield, inda masu gidaje ke baza tsofaffin kayansu a bakin gareji suna gwanjo. Alhaji ya tsinto suwaitar wani tsohon ɗan wasan golf, ruwan hoda, da zanen koren lu'ulu'u a ƙirji. Na ce ko mutum-mutumin gona aka sa wa wannan sai ya yi ƙara. Bai kula ni ba, ya jefa ta cikin gangar kayan da yake aikawa gida. Ashe ta samu masoyi. Da ita autan ya ɗauki hoton sallah, a zafin Maraɗi, kuma mahaifiyarsu ta ce da ita ya bar gida.

Gaskiya abin Alhaji ya riƙa ba ni haushi. Mutum ya karɓi kaset a ɓoye, ya juya ya zauna yana cewa a mayar da su. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye shi dalili. Ya daɗe yana juya kofi kafin ya ce, "To in ban yi wa yaron faɗa a nan ba, a ina zan yi masa?" Ban sake tambaya ba, tausayinsa ya kama ni.

Lahadi ta takwas ruwan sama ya koro mu falo da butar shayinmu. Lokacin labarai ya yi, na danna ɗauka kamar kullum na rage murya. Alhaji ya ba talabijin baya, ya shiga huɗubarsa ta taga da ƙofa. Ya kai daidai "ni da ni ne gwamnatin, ko sauka ba za su yi ba" sai Malam ya nuna bayansa da kofi.

"Kai, ku dubi wani. Shi wannan teku ya ƙetare ko filin golf ya je?"

Muka duba. Samari ne zaune a jere a bakin tashar jirgin ruwa, an lulluɓe su da barguna. Na ukun daga ƙarshe bargonsa ya zame, ga ruwan hoda, ga koren lu'ulu'u. Wata mata tana miƙa masa kofi. Kafin Alhaji ya gama juyowa an wuce zuwa labarin ƙwallo.

"Mayar da baya," ya ce mini, a hankali.

Na tsayar da ɗaukar, na mayar, na daskare hoton. Alhaji ya rarrafa har gaban talabijin ya ɗora yatsa a kan suwaitar. Ya kira sunan ƙanin nasa sau biyu, sannan ya juya gabas ya kai goshinsa ƙasa. Shayi ya tafaso ya zube a kan risho, ba wanda ya tashi. Ni ne na yi wa sauran bayani, a gajarce.

Malam bai iya barin magana ta kwana ba, amma ya jira har Alhaji ya ɗago ya share fuska da hularsa. Sannan ya tambaya, cikin muryar da ban taɓa jin ya yi amfani da ita ba, "To Alhaji, yanzu a mayar da su?"

Alhaji bai ɗauke ido daga hoton ba.

"A bari ya shanye abin da ke hannunsa tukuna," ya ce.