Kofin Ruwa a Hannun Iya Asabe

Ku da kuka shigo aikin nan jiya jiya, akwai ranar da har yau ban manta da ita ba, ranar da Musye Pol ya cire takalmansa a ƙofar gidan mahauta.

Zamanin shugaban ƙasarmu na farko ne, ina aiki a wani ɗan dispanser, wato ƙaramin asibiti, na mishan a gefen Garwa. Ni dai ban yi boko ba. Aikina shara, dafa allurai a tukunya, da tafinta, don tsofaffin unguwarmu ba sa faɗin ciwonsu sai da Hausa. A samanmu akwai likita, wata Baturiya. Ƙasa da ita sai anfirmiye, wato mai yin allura da ba da magani. Shi ne Musye Pol, Kirista, mutumin wajen Kaele.

Da bazarar wata shekara ƙyanda ta shigo gari. A wurinmu kuwa ba a kiran sunanta, sai a ce baƙo ya zo. A kulle yaro a ɗaki, ba wanka, ruwa ma sai an ga dama, wai kada ƙurajen su koma ciki. Allura kuwa, an ce in ta haɗu da baƙo, sai kabari.

Na ji labarin a bakin rijiya: jikokin Iya Asabe, uwar Ɗanjuma mahauci, su biyu suna kwance, Sale da ƙanwarsa Kande. Da na faɗa a wurin aiki, likita ta buga tebur ta ce a kira jandarma a ɗauko su.

Musye Pol ya ce, "Madam, in jandarma ya shiga gida ɗaya, gida goma za su ɓoye nasu. A bar ni in je in roƙa."

Muka tafi da rana tsaka. Mutumin da ya yi karatu har Yawunde, sai ga shi ya tuɓe takalmi ya tsuguna a rana gaban tsohuwa, kansa a ƙasa. Wallahi ni na ji masa kunya.

Iya ta dube ni ta ce, "Ke Talatu, 'yar Mairo, arne kika kawo mini kan baƙo?"

Ban fassara masa wannan ba, amma ya gane. Ya ce, "Gaya wa Inna ban zo da allura ba. Ga jakata, ta duba. Ruwa kawai nake roƙo a ba su, da ɗan gishiri da sukari."

Ta ce, "Na raini 'ya'ya kafin a haifi uwarka." Ta ja labule.

A hanya na ce masa, "Musye, kai da ka san komai, me ya sa ba ka daka mata tsawa ba?" Ya ce, "Wanda nake bi, Talatu, durƙusawa ya yi ya wanke ƙafafun mutanensa. Ilimin nan ba don in fi ta aka ba ni ba." Washegari ya koma, jibi ma haka. Kullum labule.

Sale ya rasu. Da aka fito da shi, Musye Pol ya tsaya can nesa gindin darbejiya, hula a hannu, tunda ba ya cikin masu salla. Wasu har suna cewa idonsa ne ya ci yaron.

Bayan an watse sai Iya ta aiko a kira mu. Ta zauna a ƙasa, ta tsufa a yini ɗaya. Ta ce, "Tambaye shi. Da na ba Sale ruwan, da ya tashi?"

Na fassara masa. Na san amsar, shi ma ya sani. Ya ce, "Inna, rai na Allah ne, kuma ba wanda ya so yaron nan kamar ke. Amma ruwa yana taimako, ba zan ɓoye miki ba. Ga Kande tana numfashi. Ke za ki riƙe kofin, ba ni ba."

Ta riƙe, ta kai bakin Kande. Yarinya ta sha.

Da ya buɗe idanun Kande a hasken ƙofa, na ga fuskarsa ta canza. Sun yi fari fat. Ciwon ya riga ya cinye su, ga kuma maganin gargajiya da aka ɗura mata a ciki. Ta rayu, amma ba ta ƙara ganin rana ba.

Likita ta ce da an bi shawararta da yaran biyu suna nan lafiya. Bai musa ba. A bayan ɗakin magani na same shi yana kuka, yana cewa, "Wataƙila gaskiyarta ne." Ba a jima ba aka mayar da shi wajen Rey Buba, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, 'ya'yana. Kana iya sanin maganin, ka ƙasƙantar da kanka, ka so mutane har zuci, kuma ka makara. Har yau ban san wa ke da gaskiya ba, shi ko Madam. Na dai san Kande tana nan, ta tsufa, tana sayar da gyaɗa a ƙofar gidansu. In ta ji takuna sai ta ce, "Yaya Talatu, wai mutumin nan mai ruwa, yaya kamanninsa suke?"